Auduga ko Leda

Talata, bayan La'asar

Mamman kafinta ya sake kira. Wai Hajiya, katako ya haɗu, soso ya iso, saura abin da za a lulluɓa wa kujerun, leda ko auduga? Na ce Malam Mamman, tambayi Darakta. Ya ce ai Oga ne ya ce a tambaye ni. Na ce to koma ka ce masa na ce a tambaye shi. Bawan Allah ya bushe da dariya, shi a tsammaninsa wasan mata da miji ne.

Falon nan fayau yake tun kafin abin ya faru. Tsofaffin kujerun da aka kawo ni da su gidan nan shekara goma sha huɗu da suka wuce sun lotsa, muka ba maƙwabciya, Darakta ya ce shi zai yi sababbi a maimakonsu. Shi baƙar leda yake so, mai ƙyalli, irin ta ofishinsa a ma'aikata. Ni yadin auduga nake so, mai kauri, ruwan ƙasa, mai siririn zane. Muna cikin wannan gardamar, gardama mai daɗi har da dariya, Asabar ɗin nan ta zo.

Ba zan rubuta abin da na faɗa a gaban yayansa Hamza ba. Gaskiya ce, kuma ko gobe aka sake tara su zan maimaita. Abin da shi ya furta bayan baƙi sun watse, shi ma hannuna ba zai rubuta ba. Ɗaya dai ya yi, ba uku ba.

Laraba, lokacin tara, a makaranta

Yara sun fita cin abinci, na samu sarari.

Ranar da abin ya faru na tafi gidanmu a Badarawa da jakata a hannu. Baba Malam ko zama bai bari na yi ba. Ya rufe littafin da ke gabansa ya ce, "Ummu, koma ɗakinki. Mace a ɗakinta take idda, ba ta fita, ba a fitar da ita. Muddin ba ki gama ba, kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ke, babu sadaki babu ɗaurin aure. In ya bari kika gama, kin zama baƙuwa a wurinsa."

Ragowar maganar da kunya ta hana shi, ƙanwarsa Gwaggo Rabi ce ta ƙarasa mini a zaure. "Kin dai san taki ba da wata ake ƙirga ta ba. Tsarki uku ne, kuma wanda maganar ta same ki a ciki shi ne na farko. Ranar da kika ga jini na uku, an gama." Na ce Gwaggo, a gidan nan aka haife ni, na sani.

To ga ni. Ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin da kan yi awa guda yana yi wa baƙo bayanin tayar mota.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na zuba a kula na ajiye masa a kan darduma, tunda babu kujera. Ya ci ya ƙara. Ya ce, "Sannu da aiki." Na ce, "Yauwa." Hirar yau ke nan. Ikon Allah, ban taɓa ganin fushin da ya hana namiji cin tuwo ba.

Ƙyallayen gwaji biyu da Mamman ya ba mu suna nan a kan teburin talabijin inda na jera su, baƙi ɗaya, ruwan ƙasa ɗaya. Na ce a raina, in ya ɗauki nawa ya miƙa wa Mamman, na san inda aka dosa. Wauta ce, na sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Asabar, rana tsaka

Zafi. Babu wuta tun jiya. Ya ɗora kofin shayinsa a kan ƙyallen leda.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Na yi kuskuren tambayar malamai a ofis, auduga ko leda. Tabɗijam! Kamar na jefa hatsi cikin kaji. Malama Hasana ta ce leda mana, ko manja ya zuba tsumma kawai za ki sa ki goge. Wata ta ce ƙarya ne, tata shekara biyu ta fara salewa, yanzu duk wanda ya zauna sai ya tashi da baƙin ɓarɓashi a bayan riga. Hasana ta ce ai auduga ta fi muni, tana shan shayi, tana shan gumi, rana ta ci launinta, kuma duk abin da ya zuba sai ya bar tabo har abada.

Na ce ku dai ku zauna a kan leda a bazarar Kaduna an ɗauke wuta, ku ji yadda zani ke mannewa, mutum ya tashi kujera na yi masa ƙara kamar ya yi abin kunya. Suka yi ta dariya. Hasana ta ce, "Ke dai kin ji daɗi, Malama Ummu, damuwarki a duniya yadin kujera." Na ce wallahi kuwa. Babu wadda ta sani a cikinsu, kuma ba daga bakina za su ji ba.

Alhamis, da asuba

Ban yi salla ba. Na farko ke nan.

Ya wuce ta ƙofata zai tafi masallaci, ya ƙwanƙwasa kamar kullum ya ce, "Salla." Na ce, "To."

Asabar, bayan Azahar

Na je rumfar Mamman a bakin hanyar Kawo, don ya daina damuna a waya. Ga kujerun namu nan a jere, katako zalla, mai zaman mutum uku ɗaya, mai biyu ɗaya, ƙanana biyu. Ya ce, "Hajiya, dubi yadda suke tsirara. Damina na tafe, rumfar nan yoyo take. In ruwa ya taɓa soson nan ba ruwana."

Na ce yadin da ya ba ni anya auduga ce ta gaske? Don yanzu komai na kasuwa haɗe yake. Ya zaro zare ɗaya ya kyasta ashana, zaren ya ci ya zama toka mai laushi, ya murje a yatsa. Ya zaro na wani yadi mai sheƙi ya kyasta, wannan ya nannaɗe ya dunƙule ya yi tauri, wari kamar an ƙona bokiti. Ya ce naki auduga ce, Hajiya.

Sai ya kawo shawara. Wai akwai gauraye, rabi auduga rabi roba, ba ya yamutsewa, ba ya saurin kama datti, in aka sa shi Oga ya samu nasa ni ma na samu nawa, a zauna lafiya. Na ce Malam Mamman, ba na son rabi-rabi, a cikinsa nake kwana nake tashi. Ya kalle ni bai gane ba. Na ce a gaida iyali, na tari keke na dawo Unguwar Sarki.

Talata, da safe

"Ina kwana." "Lafiya lau." "Akwai ruwan zafi?" "Akwai."

Lahadi, bayan La'asar

Dole in rubuta wannan.

Yaya Hamza ya zo. Shi ɗin dai, wanda na yi maganar a gabansa. Na gaishe shi ya amsa da sakin fuska, na shimfiɗa musu tabarma a baranda na koma kicin. Tagar kicin a kan barandar take, ba laɓe na yi ba, albasa nake soyawa.

Na ji Yaya Hamza ya ce, "Zakariyya, ka mayar da matarka. Ni da aka yi a gabana na manta, kai me kake riƙewa? Abin ya isa haka."

Shi kuwa, da muryar nan tasa ta shugaban taro, ya ce, "Yaya, ai wata uku ne, da saura. Ina sane. Bari ta ɗan ji a jikinta, ta san baki shi ke yanka wuya."

Yaya Hamza ya ce, "To, kai ka sani."

Albasa ta ƙone ƙurmus.

Ashe haka ne! Ni ina nan ina cewa zuciyarsa ce ta yi nauyi, ina ba shi uzuri, ina cewa namiji ne, girman kai ke hana shi buɗe baki. Ashe babu wani nauyi. Ya gama yanke hukunci tuntuni, ya saka ni a durowa kamar fayil, ya sa ranar da zai waiwaye ni. Horo ake mini. Ni Ummulkhairi, da furfura ta fara leƙowa a goshina, ni ake horarwa kamar 'yar aji uku da ta yi surutu. Kuma wata uku! Mutumin da ya auri 'yar malami, ya yi shekara goma sha huɗu yana zuwa gaisuwa Badarawa, da kalandar ofis yake ƙirga idda.

Na yi kuka, na wanke fuska, na sake yanka wata albasar.

Litinin, da Magariba

Bai san na ji ba. Ya ce miyar jiya ta yi daɗi.

Laraba, da yamma

Gwaggo Rabi ta zo da ƙullin lalle da turaren wuta. Ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu ta ce, "Oh ni Rabi! Gidan Darakta guda ko inda baƙo zai ajiye ɗuwawu babu?" Ta zauna a darduma tana nishi, gwiwa na damunta.

Ta ce mai irin iddata kwalliya aka ce ta yi, ba zaman makoki ba. In yi lalle, in yi kitso, in turara ɗaki, in riƙa gilmawa ta gabansa. Na ce Gwaggo, bayan shekara goma sha huɗu sai na sa wa kaina tsutsa kamar ƙugiyar kamun kifi? Ta ce, "Ke tafi can. Uwarki ma, Allah ya jiƙanta, da bakinta ya fi naki kaifi, ta san lokacin da ake rufe shi a buɗe kwalbar turare."

Na gaya mata abin da na ji ta taga. Ta ce to sai a gaya masa gaskiyar lissafi. Na ce ni zan gaya masa da kaina.

Ta dubi ƙyallayen ta shafa kowanne. Ta ce ita dai auduga, don a kanta aka haife mu kuma a cikinta za a naɗe mu. Sannan ta ce ko wanne aka sa, in abin ya lalace kujerun nawa ne, maimakon kayan ɗakina ne, da su za a fita. Na ce Gwaggo don Allah bar wannan maganar.

Juma'a, bayan Azahar

Na yi lallen. Ya kama sosai, har na ji haushin yadda ya yi kyau.

Da na miƙa kular abinci ya dubi hannuna, ya daɗe yana kallo. Zuciyata ta buga, wallahi ta buga, kamar ranar da aka kawo ni. Ya buɗe baki. Ya ce gishiri ya ɗan yi yawa jiya.

Lahadi, da hantsi

Khadija ta kira daga makarantarsu ta kwana a Zariya, da wayar malamarsu. Tambayarta ta farko, "Mama, an kawo kujerun?" Na ce tukuna. Ta ce wa ya ci, ke ko Abba? Na ce ana nan ana fafatawa. Ta yi dariya ta ce ita tana bayana, leda zafi gare ta. Na miƙa masa wayar, na ji shi yana ce mata kowa lafiya, Mamanki lafiya, komai lafiya. Ƙarya ba ta yi masa nauyi a baki, kalma ɗaya ce kawai take masa nauyi.

Yarinyar nan hutu na zuwa. Ban san gidan da za ta same ni ba.

Talata, da asuba

Na biyu.

"Salla." "To."

Alhamis, bayan La'asar

Mamman ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Me zan ce masa? Ni da ban san ko zan zauna a kan kujerar ba, ina ruwana da abin da aka lulluɓa mata.

Ƙarya nake. Da ruwana. Na ɗauki ƙyallen audugar na sa a kumatuna ina tsaye ni kaɗai a falo kamar mahaukaciya. Sanyi gare shi ko a wannan zafin.

Laraba, da safe, kafin in fita

Na yi wanka jiya, na koma salla. Wannan tsarkin shi ne na ƙarshe.

Na same shi a kan dakalin baranda yana ɗaura igiyar takalmi. Na tsaya a bayansa na ce, "Abban Khadija, ina da magana."

"Ina ji."

"Idda ba da kalanda ake ƙirga ta ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ummu, ajiye mini fatawa. Ni ma na yi Islamiyya."

Na ce, "Abin da ya rage..."

Ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Na san abin da nake yi. Na makara." Ya shiga mota.

To na faɗa, Allah ya ji. Ba zan bi shi bakin get da safiyar Allah, maƙwabta na shara, ina ƙirga masa kwanakin jikina ba.

Asabar, da yamma

Gwaggo ta kira. Wai Baba Malam ya ce a tambaye ni ina aka kwana. Na gaya mata. Ta ce bari Malam ya tura babban ɗalibinsa ya same shi a ofis ya warware masa, namiji da namiji. Na ce in aka tura kowa ban yafe ba. Ta ce, "Ke Ummu, gidanki fa! Taurin kan me?" Na ce Gwaggo, in sai an tsorata shi da cewa ƙofa za ta rufe sannan zai mayar da ni, to ƙofar yake so ba ni ba. Kalmar na bakinsa safe da yamma. Babu wanda ya riƙe masa harshe.

Ta ce in na yi asarar aurena a kan zuciya kada in zo ina mata kuka. Na ce to.

Litinin, bayan Azahar

Ƙyallen audugar ba ya kan tebur. Na leda na nan shi kaɗai. Na duba ƙasan tebur, na duba bayan talabijin, har kwandon shara na zazzage a tsakar gida ina tonawa da tsinke. Babu.

Ya yar da nawa ke nan. Madalla. Baƙar leda a falon Darakta, a goge da tsumma.

Alhamis, da Magariba

Mamman ya daina kira. An ba shi amsa ke nan.

Lahadi, bayan La'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kaɗo 'ya'yan mangwaro a tsakar gida, aka yi yayyafi kaɗan ya ɗauke. Muka fito tare muna kwashe shanya, ni ina ciro rigunansa shi yana ciro zannuwana, kamar da. Hannunmu ya haɗu a kan igiya. Ya ce, "Yi haƙuri." Na ce, "Ba komai."

Da zan iya tsanarsa da na huta. Ba na iyawa, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Talata, da safe

Ya tafi Abuja taron ma'aikata, sai Asabar. Na haɗa masa jaka kamar yadda na saba, har da maganin ulsarsa da yake mantawa. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar a hannu, yana kallon falon, yana kallona. Har wani ɗan murmushi na gani a gefen bakinsa, irin na wanda ya ɓoye wa yaro alewa. Na ce a raina faɗi mana, bawan Allah, faɗi!

Ya ce a riƙa rufe get da wuri.

Laraba, bayan La'asar

Bayana ya fara ciwon nan da na sani. Tun Azahar nake roƙon Allah ya jinkirta mini shi zuwa Asabar. Ni da na ce wa Gwaggo ban yafe ba, ga ni a kan darduma ina roƙon kwana uku.

Na ajiye zuciya na kira shi. Wayar ta yi ƙara sau biyu ya katse. Saƙo ya shigo: "Ina mitin."

Na jira har aka kira Magariba. Bai kira ba.

Alhamis, da asuba

Ban yi salla ba.

Shi ke nan.

Juma'a, da hantsi

Na gaya wa Gwaggo. Ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka mata. Ta ce inna lillahi, ta ce gobe za su zo da mata biyu da a-kori-kura.

Ina naɗe kwanuka a tsofaffin zannuwa. Ashe abin da mace ta mallaka a gidan da ta share shekara goma sha huɗu bai fi cikin mota ɗaya ba. Labule na bar masa, ba zan bar tagogi tsirara ba.

Asabar, bayan La'asar, a Badarawa

An ɗora gado, an ɗora durowa, ana fito da buhunan kwanuka, sai ga motarsa ta shigo layi. A bayanta wata a-kori-kurar, Mamman a tsaye a baya yana riƙe da igiya yana washe baki. An rufe kayan da tamfol.

Na shiga ɗaki na zumbula hijabi har ƙasa, sannan na fito.

Ya fito daga mota yana kallon gadona a kan motar haya, yana kallon Gwaggo. Ya ce, "Gwaggo, lafiya? Me ake yi haka?" Bai jira amsa ba ya juya ya ce wa Mamman, "Buɗe mata ta gani."

Mamman ya yaye tamfol.

Auduga. Ruwan ƙasa, mai siririn zane. An ja yadin ya kwanta lif, ɗinkin gefe tsaf, zanen ya haɗu da zane a kowace kusurwa. Wallahi ban taɓa ganin kujeru masu kyaunsu ba. Mamman ya ce, "Hajiya, ke kika ci! Oga da kansa ya kawo mini ƙyallen, ya ce in na sake na kira ki sai ya fasa aikin."

Shi kuma ya gyara tsayuwa a gaban kowa, da mata, da direbobi, da maƙwabtan da suka leƙo, ya ce, "Ummu, na mayar da ke ɗakinki. A sauke kayan nan."

Tsit. Sai ƙarar injin motar da ba a kashe ba.

Gwaggo ta ce, "Zakariyya, yaushe ka mayar da ita? Ka taɓa furtawa kafin yau, ko a gaban wani, ko kai kaɗai?"

Ya ce, "Yanzu dai na furta. Ai da ma yau na tsara."

Ta ce, "Shekaranjiya ta fita."

Ya yi 'yar dariya. Ya zaro waya yana latsawa, yana nuna mata kalanda, wai ga ranar, ga yau, ko wata biyu da rabi ba a yi ba, shi ya ma rage mata ne don tausayi. Don tausayi! Gwaggo ta ce, "Mayar da wayarka aljihu, ɗan nan. Ba a nan ake dubawa ba."

Sai a lokacin ya dube ni sosai, ya ga hijabin. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ummu, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na ce, "Na gaya maka kana ɗaura takalmi. Na kira ka kana mitin." Ya matso ya miƙo hannu zai kama nawa, na ja baya. Gwaggo ta ce, "A'a, Malam Zakariyya. Hannu."

Mamman, bawan Allah, murya ƙasa ƙasa ya ce, "To ina za a sauke?" Gwaggo ta ce a juya motar Badarawa, maimakon kayan ɗakinta ne. Na ce a'a, a shigar masa da su falo, an auna su da falon ne. Ta harare ni, na ce Gwaggo na roƙe ki.

Da suka wuce da babbar ta gabana na sa tafin hannu na shafa ta. Shi ya ce, "Ki zauna ko sau ɗaya mana ki ji." Na ce sauri muke, direba na jira.

Lahadi, bayan Azahar

Yaya Hamza ya zo da safe da wasu dattawa biyu, sun daɗe a zauren Baba. Suna neman a ɗaura sabon aure, sadaki duk abin da aka yanka, ko a yau. Wai Zakariyya bai runtsa ba, a zaune ya kwana a falo.

Da suka tafi Baba Malam ya kira ni. Ya ce, "Ummu, da na ce ki koma ɗakinki kin koma, kin yi abin da Allah ya ce, ba ki rage komai ba. Yanzu magana ta bar hannuna ta bar hannunsa. Bakinki ne. Me zan ce musu?"

Na ce, "Baba, da mantawa ya yi, da na koma. Da fushi ne ya rufe masa ido, da na koma. Amma yana so, yana sane, ya riƙe kalmar a baki yana kallona ina zuba masa tuwo, yana jiran in gama laushi. A ce musu a'a."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Na dawo ɗakin marigayiya Inna na rufe ƙofa na yi kukan da Gwaggo ta ce kada in kawo mata. Ita ce ma ta shigo ta riƙe ni. Ina son sa, wallahi ina son sa, kuma ba zan koma ba.

Khadija za ta kira an jima. Gobe akwai makaranta, daga nan sai na hau keke biyu.